Tsakanin Ƙishi da Kishi

Adakar tana ƙarƙashin gadon Malam tun kafin a haifi yawancin masu shiga ɗakin a yau. Ta ƙarfe ce, irin ta 'yan makarantar kwana, tsatsa ta ci kusurwoyinta. A ciki akwai takardu sama da ɗari bakwai, an ɗaure su kashi-kashi da zare, kowane kashi da sunan ƙauyen da aka je da watan da aka je. Hirarraki ne da tatsuniyoyi da waƙoƙin niƙa da na daɓe waɗanda ya tattaro a ƙasar Sakkwato da Zamfara a tsakiyar shekarun 1970, lokacin yana ƙaramin malami a jami'a, yana yawo da rikoda ɗaure a bayan babur. Kaset-kaset ɗin da muryoyin ke ciki sun daɗe da tafiya. Wasu laima ta ci, wasu zafi ya manne zarensu, wasu kuma an ara ba a mayar ba. Mutanen da suka yi maganar kuwa tuni ƙasa ta rufe idanunsu. Abin da ya rage shi ne abin da ya zauna ya saurara, dare bayan dare, ya buga da tafireta.

Tafiretar ta Ingilishi ce, ba ta san ƙugiya ba. Sai ya buga k da d da b yadda suke, idan ya zare takardar ya ɗauki biro ya bi layi-layi yana ɗora wa kowane harafi ƙugiyarsa. Ainihin bugun ya miƙa shi ga sashe, kuma bayan ƙaura biyu ko uku daga wannan gini zuwa wancan ba wanda ya san inda ya shiga. Na cikin adakar kwafin kabon ne, mai shuɗi-shuɗi, wanda shekaru suka ƙara kodar da shi. Shi ma ya bi shi da biro, amma ba da naciyar da ya bi na farko ba. A daren da gajiya ta yi yawa yakan ce gobe, kuma akwai goben da ba ta zo ba.

Abin da ya sa aka jawo adakar bayan kusan shekara hamsin shi ne maganar likita. Hawan jinin ido ne. Abin da ya riga ya tafi ba ya dawowa, magani kuma iyakarsa ya rage wa sauran gudu. Ganin Malam yana tsukewa ne daga gefe, kamar na mai leƙen duniya ta bakin tulu. Ya lissafa, ya ga cewa idan takardun nan ba su koma rubutun da za a iya ƙara wa girma, a gyara, a kai maɗaba'a ba tun yana iya tantance harafi, to ba za su koma ba har abada, domin babu wani mai rai da ya ji muryoyin in ba shi ba.

Jikarsa ce ta ɗauki aikin. Tana karatun kimiyyar kwamfuta, ta zo dogon hutu. Ta ɗaga kashi ɗaya ta auna nauyinsa a hannu, ta yi dariya.

“Maigida, wannan ai aikin kwana uku ne. A ɗauki hotonsu, manhaja ta karanta, shi ke nan.”

“To amarya,” in ji Malam, “in kin gama a kwana uku na ƙara miki sadaki.”

Manhajar da take nufi ita ce ta gane haruffa, wadda aka fi sani da OCR. Hoton shafi, ko da na'urar sikana aka ɗauke shi ko da waya, a wurin kwamfuta tarin ɗige-ɗige ne kawai masu haske da duhu. Ba ta san akwai kalma a ciki ba, balle a nemi kalmar ko a goge ta. Aikin manhajar shi ne ta mai da wannan hoto rubutu. Takan fara da raba shafin gida biyu, abin da ta ɗauka tawada ce ta mai da shi baƙi, sauran ta mai da shi fari. Sai ta miƙar da shafin idan ya karkace, ta gano inda layuka suke, sannan ta bi kowane layi tana fitar da haruffa. Tsofaffin manhajoji kan yanka layin harafi-harafi su gwada kowanne da siffofin da suka sani. Na yanzu kan haɗiye layin ɗungurungum, su fitar da jerin haruffan da ya fi kama da abin da aka horar da su a kai. A kowane hali akwai ƙa'ida guda da ba ta canzawa: manhaja ba ta fitar da harafin da ba a taɓa nuna mata ba. Idan ta gamu da baƙo, sai ta ba shi sunan ɗan gidan da ya fi kama da shi.

Haka kuwa aka yi. Shafin farko ya fito cikin ɗan ƙiftawar ido, jikar ta fara karanta masa da murna, murnar ta yi ta raguwa. Inda ƙugiyar biron ta yi siriri, matakin farko na raba baƙi da fari ya ɗauke ta a matsayin datti ya share. Inda ta yi kauri, ƙ ta zama R ko f, ɓ ta zama lamba 6, ɗ kuma ta rabe ta zama c da l. Irin wannan kuskure na biyu mai sauƙi ne, domin yana tona kansa. Duk wanda ya ga lamba a tsakiyar kalma ya san an yi ɓarna. Na farkon ne abin tsoro. Baƙi sun zama baki, ƙura ta zama kura, ƙafa ta zama kafa, ƙarya ta zama karya. Kowace daga cikinsu Hausa ce lafiyayya, jimla kuma takan tsaya da ƙafafunta ba tare da ta nuna an yi mata rauni ba. A wata tatsuniya an wayi gari kura ta tashi a bayan mahaya ta rufe gari. Malam ya yi dariya har da hawaye, sannan ya yi shiru.

Laifin ba na biron Malam kaɗai ba ne. Tesseract, wadda tana cikin fitattun manhajojin kyauta na wannan fanni, an ƙirƙire ta a kamfanin Hewlett-Packard tsakanin 1985 da 1994, aka sake ta ga kowa a 2005, Google kuma ya ɗauki nauyin raya ta a 2006. Tana zuwa da horon harsuna sama da 100. A cikinsu akwai Swahili da Yarbanci da Amharik, amma babu Hausa. Su kansu haruffan masu ƙugiya ba su sami zama wuri ɗaya a tsarin Unicode ba: ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin masana furuci, ƙ kuwa da manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ suna wani rukunin dabam, shi ya sa akan sami salon rubutun kwamfuta mai ɗaya ba ɗaya. Ga kuma abin da Hausawa suka yi wa kansu. Ɗimbin Hausar da ke intanet an rubuta ta ba ƙugiya, don gaggawa ko don wayar ba ta da ita, kuma daga wannan tafki ne manhajoji ke shan abin da suka sani na harshen. Wanda ya tashi a gidan da ake rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya, ba a yi mamaki idan ya kasa bambance su ba.

Masu nazarin tarihin rubutun boko sun san cewa ƙugiyar ma ba da ita aka fara ba. Daga ƙa'idojin da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, zuwa ƙamusun Bargery na 1934, an yi ta gwada hanyoyi, wasu ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu waƙafin sama a gefensa. A shekarun 1930 ne, zamanin Rupert East a Hukumar Talifi ta Zariya, ƙugiyar ta zauna, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda ta fara fita a 1939 Abubakar Imam yana editanta, ta kai ta kowane lungu. Har yau Nijeriya tana rubuta 'y, Nijar tana rubuta ƴ. Ma'anar wannan ga mai son mai da tsofaffin takardu rubutun kwamfuta ita ce babu “Hausar boko” guda ɗaya da za a horar da na'ura a kai a huta. Kowane zamani da hannunsa, kowace maɗaba'a da ɗabi'arta, ga kuma dubban kundayen digiri da aka buga da tafireta aka bi da biro, kamar dai na Malam, jibge a ɗakunan karatun jami'o'i.

Jikar ta yi ƙoƙarin kwantar masa da hankali da cewa manhaja mai kyau tana iya dacewa da harafi 99 cikin 100. Malam tsohon mai gyaran kundi ne, ya ce a yi lissafi. Shafi mai haruffa 2,000, idan an kuskure ɗaya cikin ɗari, kuskure 20 ke nan. A shafi 700, an sami 14,000. Kuma ba a warwatse suke daidai-wa-daida ba. Sun taru ne a kan haruffan da ma'ana ta rataya a kansu.

Sai ta koma wata manhajar, daga cikin sababbin nan da ke haɗa gani da sanin harshe, waɗanda kan dubi jimla gaba ɗaya su hasashe abin da ya kamata ta ce. Sakamakon ya burge ta ƙwarai. Ƙugiyoyi sun dawo mazauninsu, har da waɗanda Malam ya manta bai sa ba. Rubutun ya fito sumul, ba lamba a tsakiyar kalma, ba ɓaraguzai. Ta karanta masa shafi biyu ba tuntuɓe. A tsakiyar na uku ya ɗaga hannu.

“Tsaya. Wace ce ke magana?”

Ta duba saman shafin ta faɗa masa: wata tsohuwa ce, a wani ƙauye arewa da Sakkwato.

“Wannan ba ita ba ce. Wannan Bakanuwa ce.”

Da suka koma ga hoton, sai ga abin da ya faru. Inda tsohuwar ta ce “yaz zo”, manhajar ta rubuta “ya zo”. “Tac ce” ta koma “ta ce”, “munka” ta koma “muka”, “gidanai” ta koma “gidansa”, “hwaɗi” ta koma “faɗi”. Ba a kowane wuri ba, kuma wannan ya fi muni, domin an sami wata gaurayar Hausa da ba a taɓa yi a kowane gari ba. A wani layin da kabon ya dushe har ba a ganin komai, ba ta bar giɓi ba. Ta cike shi da kalmomi huɗu masu ma'ana da tsohuwar ba ta taɓa furtawa ba. Manhajar farko jahila ce, kuma jahilcinta a fili yake. Ta biyun ta yi karatu, shi ya sa ta yi abin da ɗalibi mai rawar kai kan yi idan aka ba shi kwafe: ya ga abin da bai sani ba, ya ɗauka kuskure ne, ya gyara.

Ga mai karatun nishaɗi, bambancin “yaz zo” da “ya zo” ba wani abu ba ne. Ga mai nazarin karin harshe, wannan z ɗin ita ce dukiyar, don ita aka hau babur aka sha rana. Idan irin wannan rubutu da aka goge ya shiga rumbun bayanai da sunan Sakkwatancin shekarun 1970, wani ɗalibi zai zo ya ƙirga, ya kammala cewa tun a lokacin karin yamma ya fara narkewa cikin daidaitacciyar Hausa, ya sami digiri a kan haka. Wata manhajar kuma za a horar da ita a kan wannan rumbun, ta ƙara tabbata cewa “yaz zo” kuskure ne.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, kayan aikin ne sababbi. Malaman da suka yi ta kwafe littattafai da hannu sun san cewa hannun mai kwafe yana da son zuciya, yana jan baƙuwar kalma zuwa ga sananniya. Shi ya sa suka riƙi muƙabala: idan an gama kwafi, wani ya riƙe asali, wani ya riƙe sabon, a karanta a gwada. Shi ya sa kuma, da yake takardun a warware suke cikin gafaka, ake rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gabata, don kada wani ya ɓace ba a sani ba. Mutane ne da ba su yarda da hannunsu ba, kuma rashin yardar nan ne ya kawo waƙoƙin Nana Asma'u da na tsararrakinta zuwa wannan zamani.

A ƙasan adakar akwai 'yan takardu na ajami, waƙar wa'azi da wani malamin ƙauye ya ba shi. Jikar ta gwada su da horon Larabci don ta ga abin da zai faru. Ba a sami ko layi ɗaya ba. Rubutun yankin nan na tsarin Magariba ne, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, alhali manhajar ta saba da bugun Gabas, inda ɗigo ɗaya a sama fa yake nufi. Don haka ƙasa ta zama fasa. Wasullan da ajamin Hausa ba ya karantuwa sai da su, da ɗigon imala, da ɗauri, duk ta watsar. Abin takaicin shi ne ajami yana riƙe da abin da boko ya saki, wato tsawon wasali, wanda a kansa karin rubutacciyar waƙa ya dogara. Akwai kayan aikin da aka yi domin rubutun hannu, irin su Transkribus da ya fito daga Jami'ar Innsbruck ta Ostiriya, da eScriptorium na Faris, amma dukkansu sharaɗinsu ɗaya: sai mutum ya fara kwafe shafuka masu yawa da hannunsa, layi da layi, ba kuskure, kafin na'ura ta koyi wannan hannun. Hotunan ajami suna ƙaruwa, a Arewa House ta Kaduna akwai rubuce-rubuce, a gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato akwai, Jami'ar Boston kuma ƙarƙashin jagorancin Fallou Ngom ta ɗora tarin hotunan ajamin Afirka a intanet. Masu iya zama su yi wancan kwafen na farko su ne ke raguwa, kuma aiki ne da ba a cika ƙirga shi ba idan an zo ƙarin girma a jami'a.

Wata rana jikar ta gaya masa cewa ɗaya daga cikin manyan nasarorin farko na wannan fasaha domin makafi aka yi ta: a 1976 Ray Kurzweil ya fito a Amurka da na'urar da ke karanta bugaggen shafi ta furta shi da murya. Malam ya ce ashe dai don irinsa aka yi ta, sai dai ba da harshensa ba. Ya tuna mata da Aliyu Namangi na Zariya, makaho tun yana ƙarami, wanda ya tsara Imfiraji a ka, wasu suka rubuta. Ya ce Namangi ya yi sa'a, marubutansa suna jin Hausa, kuma suna jin kunyarsa.

A ƙarshe suka tsaya a kan wata hanya mai jan lokaci. Ta koma ga manhajar farko, jahilar, ta bar ta ta yi bugun share fage. Ta zauna ta kwafe shafuka masu dama da hannu daidai yadda suke, ta horar da ita a kansu har ta fara ganin ƙugiyar biro, kuskuren ya ragu sosai. Ta sake ɗaukar hotunan da launinsu, domin a nan tawadar biro da shuɗin kabon sukan bambanta. Sannan kowace safiya, kafin rana ta yi ƙarfi idon Malam ya gaji, sai a shimfiɗa tabarma a zaure. Ita tana karanta abin da na'ura ta fitar da ƙarfi, shi yana riƙe da takardar kusa da fuska, yana bi da abin da ya rage na gani da abin da ya rage na tuni. Shafi takwas ko goma a rana. Hutu ya ƙare ba su kai rabi ba, maganar ƙarin sadaki kuwa ta zama abin tsokana a gidan. Ta koma makaranta, tana zuwa ƙarshen mako.

A cikin kashi na tara suka iso hirar wata tsohuwa da ta ga yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a wurare da dama ake kira Kakalaba. Tana yarinya a lokacin. Ta ba da labarin yadda rijiyoyi suka ƙafe, yadda gidansu ya tashi ya nufi kudu a ƙafa, da yadda mahaifiyarta da abokiyar zamanta ba su ga maciji tun kafin tafiyar, har ana ɓoye wa 'ya'yan juna abinci. Sai ta zo kan ƙanwarta da ta rasu a hanya. Jikar ta karanta abin da na'ura ta fitar:

“Kishi yak kashe ta.”

Malam ya ce ta sake. Ta sake. Ya kai takardar har tana taɓa hancinsa, ya juya ta wajen haske, ya ajiye.

“Buɗe hoton. Akwai ƙugiya?”

Ta ƙara wa harafin girma har ya cika fuskar kwamfutar. A saman k ɗin akwai wani ɗan tabo mai lanƙwasa. Yana iya zama bakin biro da ya taɓa takarda bai zubar da tawada sosai ba. Yana iya zama tsatsar ƙarfen da aka maƙale takardun da shi, domin akwai irinsa biyu a gefen shafin inda babu rubutu. Launinsa yana tsakanin shuɗi da ja.

Idan ƙishi ne, tsohuwar tana ba da shaida a kan fari. Idan kishi ne, tana tuhumar matar ubanta da ran yarinya, bayan shekara sittin, a gaban baƙo mai rikoda. Abin da ya gabata a shafin yana ɗaukar kowanne, abin da ya biyo baya kuma maganar inda aka binne ta ce kawai.

Malam ya rufe ido. Ya ce yana tuna tsohuwar, yana tuna inuwar da suka zauna, da ƙwaryar da take ɗinkewa tana magana, da jikanta da ya yi ta taɓa rikodar. Yana tuna ta yi shiru bayan wannan jimlar, shirun ya yi tsawo har ya duba ko kaset ne ya ƙare. Jikar ta ɗora yatsa a kan madannin tana jira. Ya motsa leɓɓansa, ya furta kalmar a hankali da ƙ, ya sake furta ta da k, yana sauraron kowacce.

“Kaka, wanne zan sa?”

“Kada ki sa ko ɗaya. Yanko hoton layin ki ajiye shi a nan yadda yake, ki rubuta a ƙasa cewa mai tattarawa ya duba bai tantance ba.”

Ta yanko, ta ajiye, ta rubuta. Ya miƙa hannu yana laluben takarda ta gaba.